Mushe a Gwammaja

Bakwai saura kwata nake sauka daga adaidaita,
in tsallake kwata,
in sayi awarar ɗari biyu a gun Iya Tabawa,
wadda har yau, shekara guda da rabi,
in na miƙa kuɗi sai ta juya su ta ce,
"Ban da sefa dai, ɗan Nijar."

Ni mutumin Tawa ne.
Na shigo Kano da jaka ɗaya, da ƙamus mai yagaggen baya,
da takardar da ta shaida na iya koyar da Faransanci.
Ba ta faɗa mini zan sake koyon Hausa
a bakin 'yan aji huɗu ba.

Ranar farko na ce, "Kun kwana lahiya?"
Aka yi tsit, har ana jin kukan fanka.
Sai Bara'atu mai giɓi ta ɗaga hannu:
"Malam, a ina ka yar da fa ɗinka?"
Na ce a garinmu mushe ake ce wa malami.
Sagir ya toshe hanci.
Benci uku suka kife don dariya,
sunan kuwa ya bi ni har bakin masallaci.

Mun shiga ƙidaya.
Na ce an, suka ce an.
Na ce de, suka ce de.
Na ce turwa, suka ce tururuwa,
Nafi'u har da leƙa ƙarƙashin tebur yana kakkaɓe wando.
Da muka kai sis ya ce kakarsa tana da ita a ƙulle,
sisin kwabo, a bakin zane.

Na zana kyanwa a allo, ta fito kamar akuya.
Na ce sunanta sha.
"Sha me, Mushe?"
Sha kawai.
"Ai sai a faɗa mata abin da za ta sha."
Akwai kuma wata kalma, sunan kek a wancan harshe:
na faɗe ta sau ɗaya,
na tsallake shafin har abada.

Obinna, ɗan mai shagon taya,
shi ke gyara mini karin magana.
Hausarsa ta Fagge ce, tas, ba ƙashi.
In na ce tahi, sai ya sunkuyo a hankali,
kamar mai rufa wa babba asiri:
"Tafi, Mushe. Tafi."

Ran da ruwan Agusta ya sauka kan kwano
ba mai jin wani.
Na ajiye alli, muka tsaya a taga mu arba'in da bakwai
muna kallon takalmin hedimasta
yana tafiya shi kaɗai zuwa bakin ƙofa.
Ban koyar da komai ba ranar,
amma ita suka fi tunawa.

Da dare, a ɗakina na haya a Kurna,
in kunna risho, in ɗora shayi mai kauri irin na gida,
in baje littattafansu a tabarma.
Jan biro ya ƙare a kan na Sagir.
A shafin ƙarshe na Bara'atu
ga kyanwata mai kama da akuya,
an ajiye mata kwano a gaba, an cika shi da shuɗin ruwa.

Jiya Inna ta kira daga Tawa.
Layi yana yankewa, iska tana shiga tsakani.
Ta ce, "Kana lahiya?"
Na ce, "Lafiya ƙalau, Inna."
Ta yi shiru.
Na ɗauka katin ne ya ƙare.
Can sai ta ce,
"Wa ya sa maka wannan fa ɗin a baki?"